Wane Linux ya dace da aikin lissafin yanayi?

Ɗalibi, Yamai:
Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe ta masta, kuma malamina ya umarce ni da in girka WRF (manhajar lissafin yanayi) da R da Python (harsunan rubuta manhaja) domin nazarin ruwan damina. Kwamfutata tsohuwa ce, RAM ɗinta giga 8. Cikin ire-iren Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, wani ya ce Fedora, wani ya ce Ubuntu, har kaina ya ɗaure. Ina neman shawarar magabata.

Malami, Tawa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ɗauki Ubuntu irin wanda ake kira LTS, wato wanda ake daɗewa ana kula da shi, mai fitowa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, na 24.04 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Fedora ba shi da aibi, sai dai sabo yana fita kusan kowane wata shida, ana kuma daina kula da tsohon bayan kimanin wata 13, wanda ke nufin sauke manyan fayiloli a kai a kai, ga tsadar intanet, ga ɗaukewar wuta lokacin zafi.

Wahalarka ta gaskiya tana wajen WRF, domin ba a girka shi da dannawa ɗaya. Sai ka tanadi gfortran (mai harhaɗa manhaja daga rubutunta) da NetCDF (na ajiye bayanai) da MPI (na raba lissafi), kuma wajibi ne abin da ya harhaɗa NetCDF shi ne zai harhaɗa WRF. Na taɓa ɓata kwana uku ina zargin Linux, ashe nan na yi kuskure.

Injiniya, Yamai:
Malam, a gafarce ni, ina da ƙari. Giga 8 gwaji kawai zai iya ɗauka, babban lissafin a uwar kwamfutar sashenku za a yi shi, saboda haka, ƙanena, ka fara tambayar wane Linux ke kanta. Idan dangin Red Hat ne, AlmaLinux ko Rocky Linux zai fi yi maka sauƙi. Tun da aka daina kula da CentOS 7, wani Linux na wannan dangin, a watan Yuni na 2024 su ne suka gaje shi, kuma manyan cibiyoyin binciken kimiyya na CERN da Fermilab sun zaɓi AlmaLinux tun 2022. Python kuwa ka ware shi cikin conda, manhajar da ke keɓe masa wurinsa daban, kada ka taɓa wanda ya zo da tsarin.

Ɗalibi, Yamai:
Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Na tambaya, an ce Debian ke kan uwar kwamfutar. Tun da daga Debian aka gina Ubuntu, zan bi shawarar Malam, in yaso in zaɓi Xubuntu, nau'in Ubuntu mara nauyi, saboda ƙarancin RAM.