Waɗanda suka taɓa zuwa kansul neman matsuguni a Ingila, ku ba mu labari

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mai gidan da nake haya ya ce zai sayar, ya kawo min takardar tashi. Ni ce da yara biyu, babansu yana Kaduna. Yau kwana uku takardar tana kan firij, ko barcin kirki ba na yi. Kowa sai ya ce min in je kansul, wato ƙaramar hukumar yankinmu, amma ba wanda ya faɗa min me ake tararwa a can. Don Allah wanda ya taɓa zuwa da ƙafarsa ya ba ni labari, ban da ji-ta-ji-ta.

Hajiya Babba: Wa'alaikumus salam 'yata. Gobe da safe ki tafi, kada ki jira. Ni a 2023 abin ya same ni, kuma kunya ce ta cuce ni. Da aka ba ni takarda ta wata biyu, sai na ce wallahi ba za a watso min kaya waje maƙwabta suna kallo ba. Na tattara tun wa'adi bai cika ba, na miƙa mukulli, na koma falon wata ƙawata da jikata. Bayan sati uku zama ya gagara, kin san baƙo raɓa ne. Da na je kansul, tambayar farko da jami'ar ta yi min ita ce: wa ya fitar da ke? Na ce ba kowa, ni na fita da mutuncina. Ta ɗaga kai ta dube ni. Ashe a dokarsu akwai wanda suke kira wanda ya jawo wa kansa rashin gida da gangan, kuma in suka ɗora miki wannan sunan, gida na dindindin ya yi miki nisa. Sai da na yi makonni ina kai takardu kafin suka yarda ba haka ba ne.

Abin da ban sani ba a lokacin, tun Afrilun 2018 doka ta ce in saura kwana 56 ki rasa gida, dole su karɓi ƙorafinki su rubuta miki tsarin abin da za su yi da abin da za ki yi. Sannan takardar mai gida ba ita ce fitarwa ba. Sai ya je kotu, sai kotu ta turo ma'aikatanta. In ya canja miki kwaɗo da kansa, laifi ya aikata.

Ɗan Zazzau: Hajiya ta yi gaskiya, amma wannan kariyar ta ɗan hayar da ba ya zama gida ɗaya da mai gida ce. Ni ɗaki aka ba ni a cikin gidan da mai shi yake zaune, irinmu ba sai an je kotu ba. Ranar Juma'a ya ce in nemi wuri, kafin sati ya zagayo jakata tana bakin ƙofa. Na je wata kansul a Landan, aka ce min da baki wai ni namiji ne ba iyali, ba na cikin waɗanda ake fara dubawa. Masu ciki, masu yara, 'yan shekara 16 da 17, da masu rauni saboda ciwo ko tsufa, su ne a gaba. Aka ba ni jerin lambobin masu gidajen haya, na fito. Kwana huɗu ina kwana a bas ɗin dare, in yi alwala a masallaci da asuba in wuce aiki.

Ina da sikila, amma ban faɗa ba, don ba a tambaye ni ba, kuma mu ba mu saba tallar ciwo ba. Wata mata a Citizens Advice, ƙungiyar ba da shawara kyauta, ita ce ta ce in koma in ce a ba ni hukuncin a rubuce, in kuma karɓo wasiƙa daga likitana mai bayanin abin da sanyi yake yi wa mai sikila. Hukuncin ya fito, sun ƙi. Amma da zarar takarda ta zo hannunka kana da kwana 21 ka nemi a sake dubawa. Lauya ya rubuta min, ban biya ko fam ɗaya ba saboda tallafin shari'a na gwamnati ya ɗauki irin wannan ƙarar ga mai ƙaramin ƙarfi. Kansul suka janye hukuncin. Maganar baki a wajen nan iska ce, Maman 'Yan Biyu. Ko a waya kuka yi magana, ki bi da imel ki ce ga abin da muka tattauna yau.

Malam Na Arewa: Ku riƙa faɗin ƙasar da kuke. Mu nan Sukotlan tun 2012 aka soke wannan bambancin na wa ke gaba wa ke baya. Dokar Ingila dabam, tamu dabam.

Ummu Hanan: Ni kashedina kan masaukin wucin gadi ne. Ranar da aka fitar da mu, sun ba mu ɗaki ɗaya a wani ƙaramin otal, ni da yara uku, banɗaki da kicin na haɗaka da mutanen da ban sani ba. Tuwo kam sai dai a mafarki, burodi da indomi muka yi ta ci. Doka ta ce kada iyali masu yara su wuce sati shida a irin wannan wurin. Mun wuce. Sai da na kira Shelter, ƙungiyar agaji kan matsalar gidaje, suka nuna min yadda zan rubuta ina ambaton sati shidan, sannan aka motsa.

Da aka tashi ba mu gida, sai ga shi a wani gari, jirgin ƙasa biyu kafin makarantar yara. Raina ya ɓaci, na rubuta "ban karɓa ba", saura in tura. Allah Ya sa na sake kiran Shelter. Suka ce kul, in kika ƙi gidan da suke ganin ya dace, suna iya cewa sun sauke nauyinki. Ki karɓa, ki shiga, sannan ki nemi a sake duba dacewarsa. Haka na yi. Har yau muna can, ana kan dubawa, amma dai akwai rufi a kanmu.

Baban Iman: Kafin komai, Maman 'Yan Biyu, wace irin takardar zama gare ki? Ni da bizar aikin kula da tsofaffi na zo, an rubuta a kai cewa ba ni da haƙƙin tallafin gwamnati. Aiki ya tsaya, haya ta taru. Sashen gidaje suka ce ban cancanta ba, kuma a wannan ba su yi ƙarya ba. Ƙofar da ta rage ita ce sashen kula da yara, ƙarƙashin sashe na 17 na dokar yara ta 1989, wadda ba a lissafa ta cikin kuɗin da aka hana mu. Matata ta yi ta kuka wai za su ƙwace mana Iman. Ba su taɓa ta ba. Amma sun tona mu sosai: bayanan banki na watanni, wa ke turo mana kuɗi, wa muke tura wa a gida, me ya hana mu koma Najeriya. Har kuɗin adashi sai da na yi bayaninsa.

'Yar'uwa (na ɓoye suna): Zan sa baki saboda wata da take karantawa ba ta magana. Ni duka ne ya fitar da ni, da bizar aure. Kullum yana ce min in na fita za a mayar da ni gida. Ashe akwai izini na wata uku da ake ba wadda ta zo da bizar aure aka ci zarafinta, wanda yake buɗe mata tallafi har ta nemi zama na kanta. Kuma tun 2021 wadda ta rasa gida saboda cin zarafi tana sahun gaba ko ba ta da ɗa. Na je kansul ɗin wani gari mai nisa, ba su mayar da ni unguwarsa ba.

Maman 'Yan Biyu: Allah Ya saka da alheri. Baban Iman, ina da zama na dindindin, alhamdulillahi. Na je yau da fasfo, yarjejeniyar haya, takardar mai gida, takardun haihuwar yara da bayanan banki. Sun tambayi tsawon zamana a yankin, wai sai wata shida cikin shekarar da ta wuce ko shekara uku cikin biyar, ni kuwa shekarata huɗu. Jami'in ya ce kada in motsa daga gidan, zai duba ko takardar mai gidan ma ta cika ƙa'ida. Na tura masa imel tun ina cikin bas, kamar yadda Ɗan Zazzau ya ce. Saura tambaya ɗaya: in ta kai ga ɗakin otal, ina zan kai gadaje da injin wanki?

Hajiya Babba: Ki tambaye su tun yanzu, a rubuce. In ba ki da inda za ki ajiye, suna iya adana miki kaya, sai dai wasu sukan caji kuɗi. Tukwane da kayan yaji kuwa ki kawo min, akwai wuri a ƙarƙashin gadona.