Tsohon filin jirgin Mando: na soja ne tun asali ko na farar hula?

Ɗan Hayin Banki:
Salamu alaikum. Gardama ce ta kaure a majalisarmu jiya bayan isha'i. Wani abokinmu ya rantse cewa filin jirgin da ke cikin barikin sojojin sama na Mando na soja ne tun fil azal, farar hula bai taɓa tashi a can ba. Ni kuma na taso ina jin mahaifina yana kiran wurin "tsohon filin jirgi". To in akwai tsoho, ai akwai sabo. Wa ya tashi ya bar wa wani? Manya a taimaka mana.

Baba Makanike:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ce wa abokinka ya yi kaffara, mahaifinka ne da gaskiya.

Wannan fili shi ne filin jirgin Kaduna na kowa da kowa kafin a buɗe sabon, wanda ke can bayan gari ta wajen Afaka, a 1982. Da muna samari, in aka ce wani babba zai sauka, Mando ake nufa. Da fasinja suka koma sabon fili, sai tsohon ya zama na mayaƙan sama da masu gyaran jirage.

Amma shi ma abokin naka bai faɗi a banza ba, don soja sun daɗe a wurin. An kafa rundunar sojojin sama ta Nijeriya a 1964, kuma Jamus ta Yamma ce ta ɗauki nauyin horar da mutanenmu. Shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz, sai Kanar Wolfgang Thimmig ya gaje shi, kafin George Kurubo ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta. Jiragen koyo na lokacin su ne Piaggio 149 da Dornier 27, ƙanana masu farfela ɗaya. Su MiG na Rasha da L-29 na Cekosulobakiya sai da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 suka shigo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Air Beetle. Yaran yanzu in ka ce musu an taɓa harhaɗa jirgin sama a Kaduna sai su yi maka kallon mai tatsuniya. To an yi, guda 60, a nan tsohon filin, bisa tsarin wani ƙaramin jirgin Amurka mai suna RV-6A. Kujera biyu ce gefe da gefe, malami da ɗalibi kafaɗa na gogar kafaɗa, rufin gilashi a kansu. In rana ta take, matuƙi zai sauko rigarsa sharkaf kamar an tsamo shi daga kogi. Mu da ke ƙasa, aikinmu kafin ya tashi shi ne mu tsiyayi ɗan mai a kwalba mu ɗaga sama mu duba ko akwai ruwa a ƙasansa, mu bi kusoshi ɗaya bayan ɗaya, sannan mu ƙirga sifanoninmu. Ko guda ɗaya ya ɓata, jirgi ba ya motsawa sai an gano shi. A ganina barin aikin harhaɗa jirgin ya mutu babbar asara ce. Wanda ya iya ƙaramin shi ke kaiwa ga babba, mu kuwa muka koma sayen jirgin koyo na Super Mushshak daga Pakistan.

Maman Kurmin Mashi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, mun ƙaru. Ni dai in ana maganar wurin da soja suka tashi, tsohuwar NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, ce ke zuwar mini, tunda a gindinta aka haife ni. Ita ma a 1964 aka buɗe ta, hafsoshin Indiya ne suka fara riƙe ta, kwamandanta na farko Birgediya Varma. Kafin mu tashi sallar asuba mun riga mun ji waƙar gudun kadet da ƙarar takalmansu. Iyayenmu mata da yawa da tuyar ƙosai da wankau a bakin barikin suka yi mana kayan ɗaki. Da aka mayar da mafi yawan karatun Afaka, kasuwar ta ja baya sosai, duk da dai wurin yana hannun soja har gobe.

Direban Kawo:
Fili biyu ne, har yanzu baƙi na rikicewa. A 2017, lokacin da aka rufe filin jirgin Abuja na mako 6 don gyaran titinsa aka karkato jirage Kaduna, na sha ɗaukar fasinja ya ce in kai shi filin jirgi, ina wuce shataletalen Mando ya fara ihu wai na wuce da shi, don ya hango ƙofar sojojin sama. Sai na yi ta lallashi cewa da saura tafiya.

Ɗan Hayin Banki:
Na gode ƙwarai, Baba. Yau akwai mai sayen shayin majalisa. Amma yanzu me ake yi a ciki? Mu dai ƙarar ƙananan jirage kawai muke ji da safe.

Baba Makanike:
Su ne ɗaliban tuƙi, a nan suke fara koyo kafin a tura su kan manyan jirage. Akwai kuma AFIT, makarantar fasaha ta rundunar, wadda yanzu har farar hula take ɗauka. Jiragen nan marasa matuƙi ma a nan aka nuna su, Gulma a 2013, Tsaigumi a 2018. In kana da ƙane mai son injiniyanci, ka sa ya nemi AFIT a JAMB. Ni shayina ba sukari.