Tambayoyin tantance hujja na LSAT: lokaci yana ƙarewa kafin a kai ƙarshe

Mai neman gurbi:
Assalamu alaikum. Ina shirin LSAT, jarrabawar shiga makarantun lauya a Amurka da Kanada. A sashen tantance hujja (Logical Reasoning), inda ake ba ka gajeriyar hujja ka auna ta, nakan kai tambaya ta 19 ko 20 minti 35 ɗin ya cika, kuma yawancin kuskurena a tambayoyin zaton da marubuci bai faɗa ba ne. Sauri zan fara gyarawa ko fahimta?

Malamin mandiƙi:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Fahimta tukuna. Tun Agustan 2024 da hukumar LSAC mai shirya jarrabawar ta cire sashen wasannin jere (Logic Games, inda ake jera abubuwa bisa wasu sharuɗɗa), tantance hujja ya zama sassa 2 cikin 3 da ake ba wa maki, don haka nan ne makinka zai tashi ko ya faɗi tsakanin 120 da 180.

Tambayoyi kusan 25 a minti 35 na nufin daƙiƙa 84 ga kowace, kuma mafi yawan lokacin da ke salwanta a tsakanin zaɓi biyu yake tafiya, mutum yana kai-komo. Abin da ke jawo haka shi ne shiga zaɓuɓɓuka biyar ɗin ba tare da ka san abin da kake nema ba. Ka fara gano matsayar marubucin, sannan dalilinsa, sannan ka faɗi giɓin da ke tsakani da bakinka.

Ga misali: an sa fitilu a wata unguwa, sata ta ragu, saboda haka fitilun ne suka rage ta. Zaɓi na farko ya ce fitilu suna rage sata a kowane gari. Na biyu ya ce ba ƙarin 'yan sintiri kaɗai ya kawo raguwar ba. Idan an tambaye ka zaton da dole sai da shi, ka kore kowanne ka gani. Kore na farko: akwai garin da fitilu ba su rage sata ba. Hujjar tana nan daram, don a kan unguwa ɗaya take magana. Kore na biyu: 'yan sintiri kaɗai suka kawo raguwar. Hujja ta rushe, to shi ne amsa. Na farkon yana jan ido saboda ƙarfinsa, alhali a irin wannan tambaya zaɓi mai sassaucin lafazi ya fi yawan zama daidai. Amma kada ka kai wannan gwaji kan tambayar zaton da ya wadatar, can ana son abin da zai toshe giɓin gaba ɗaya ne, komai ƙarfinsa.

Mai bita:
Malam ya gama magana a kan zato. Ƙarin da zan yi kan jimlolin sharaɗi ne. Daga "duk lauya ya karanta shari'a" abu ɗaya tak kake iya fitarwa: wanda bai karanta shari'a ba, ba lauya ba ne. Cewa duk wanda ya karanta lauya ne juyawa ce, kuma tarko ne da ake yawan ɗanawa. Ka kula da kalmomin adadi ma: "some" na nufin aƙalla ɗaya, har duka yana iya shiga ciki, "most" kuwa fiye da rabi. Cikin ɗalibai 100, in 51 suna aiki, 51 kuma suna da aure, dole aƙalla 2 sun haɗa biyun.

Mai horas da ɗalibai:
Ka ajiye agogo na mako biyu ko uku, ka yi aiki da tsofaffin jarrabawowin gaske da ke LawHub, shafin intanet na LSAC. In ka dawo da agogon, ka yi wa duk tambayar da ka yi shakka alama, ka sake ta a natse kafin ka duba amsa. Wadda ka gyara da kanka matsalar lokaci ce, wadda ka sake faɗi matsalar fahimta ce, ita za ka rubuta a littafi: me ya ja ka zuwa zaɓin banza, wace kalma ce ta kashe shi. Tambayoyin kwatanta tsarin hujja, inda ake neman zaɓin da tsarinsa ya yi kama da na hujjar, suna da tsawo, ka bar su sai ƙarshe. Kuma ba a rage maki a kan kuskure, saboda haka in saura minti ɗaya ka cike duk gurbin da ya rage.