HC-05 yana yanke haɗi da zarar mutum-mutumi ya fara tafiya

Mai_horar_da_ɗalibai:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mutum-mutumi ne na gasar ɗalibai, an haɗa shi da Arduino Uno (allon da ke ɗauke da shirin sarrafa shi), L298N (mai tuƙa injinan tayoyi) da HC-05 (mai karɓar umarni ta Bluetooth), ana tuƙa shi da salular Android, batir ɗaya mai 7.4V ke ciyar da komai. Idan an ɗaga tayoyinsa sama lafiya lau yake aiki. Da an ajiye shi ƙasa an ce ya tashi, sai haɗin ya katse. Wani lokacin ma salular ta ƙi haɗuwa da shi sam. Cunkoson Wi-Fi ne ko HC-05 ɗin ya lalace?

Gyaran_lantarki:
Wa alaikumus salam Malam. Da wuya ya zama Wi-Fi, wuta ce ke faɗuwa. Ka sa ido kan 'yar jar fitilar HC-05 a daidai lokacin da tayoyi za su motsa. Idan ta koma ƙiftawa da sauri-sauri, to ya mutu ya sake tashi ne, yana jiran haɗi daga farko.

Taya a sama ba ta da nauyi, injinta ɗan ƙarfi kaɗan yake ja. A ƙasa kuwa, lokacin tashi yakan ja ninki da yawa, batir ya sunkuya. Abin da ke fitar da 5V a kan L298N yana buƙatar kusan 7V kafin ya riƙe aikinsa, kai kuma da 7.4V ka fara, tazarar ba ta da yawa. Shi HC-05 ɗin ba ya jure ƙasa da 3.6V.

Mafi sauƙin gwaji: ka ba Arduino da HC-05 batir nasu daban, amma ka haɗe GND (layin negatif na wuta) na ɓangarorin biyu, in ba haka ba umarni ba zai isa L298N daidai ba. Idan matsalar ta tafi, ka gano ta. Sai ka sa kafasita (mai adana wuta na ɗan lokaci) 470 zuwa 1000 µF kusa da inda wuta ke shiga, da ƙaramar 100 nF a tsakanin ƙafafu biyu na kowane injin taya don ta shanye tartsatsin da yake yi. Ka kuma girgiza wayoyin da hannu ɗaya bayan ɗaya. Masu sokawa a allon gwaji suna saki idan ana jijjiga, gara a like su da dalma kafin ranar gasa.

Malamar_kwamfuta:
Gaskiya ne. Amma ƙin haɗuwa tun farko wani ciwo ne daban, Malam. HC-05 na'ura ɗaya kawai yake karɓa a lokaci guda. Idan salular wani ɗalibi ta riga ta kama shi daga cikin aljihu, taka ba za ta shiga ba. A kashe Bluetooth a duk sauran.

Sannan a zauren gasa kowa sunan nasa "HC-05", lambar sirri 1234. Abin tausayi ne yara su sha wahalar wata guda, su ƙare da tuƙa na wasu. Don canza su, ka danne ɗan maɓallinsa yayin ba shi wuta, fitilar za ta riƙa ƙiftawa a hankali, kusan duk daƙiƙa 2, alamar ya shiga yanayin saiti. A tagar Serial Monitor ta manhajar Arduino a kwamfuta, a saita gudun saƙo 38400, a zaɓi NL da CR (alamomin ƙarshen layi) tare. Tura AT+NAME= da sunan tawagarku, AT+PSWD= da sabuwar lamba, AT+RMAAD don goge tsofaffin haɗe-haɗe. Daga nan a cire tsohon haɗin a salular a sake sabo.

A duba ƙafar RX ta HC-05 ma (inda yake karɓar saƙo), 3.3V take so. Don rage wutar, a sa rasista 1k daga TX na Arduino (inda yake aika saƙo) zuwa RX, 2k kuma daga RX zuwa GND. Daga Android 12 zuwa sama sai an ba manhajar izinin ganin na'urorin kusa. iPhone kuwa ba ya aiki da HC-05 ko kaɗan.

Alƙalin_fili:
Cunkoso ma yana da nasa, sai dai yakan jawo jinkiri ne fiye da katsewa, don Bluetooth yana tsalle tsakanin tashoshi 79 a 2.4 GHz. Kada dai a binne eriyar cikin ƙarfe ko a manna ta jikin batir. Kuma don Allah ku sa a shirin Arduino cewa idan rabin daƙiƙa ta wuce babu umarni, tayoyi su tsaya. In babu wannan, haɗi na katsewa zai ci gaba da bin umarnin ƙarshe har ya faɗo daga tebur.