Muhawara: wai wanda ya sami ceto ba ya rasa shi?

Malamin ajin baftisma: Salama gare ku, 'yan'uwa. Ga maganar da nake so mu tattauna: wanda ya sami ceto da gaske ba zai taɓa rasa shi ba. Hujjata Yohanna 10:28-29, inda Yesu ya ce yana ba tumakinsa rai madawwami, ba kuwa mai ƙwace su daga hannunsa ko daga hannun Uban. Sai Afisawa 2:8-9: ceto ta alheri ne, ta wurin bangaskiya, ba ladan aiki ba. Abin da aikinka bai sayo maka ba, ta yaya aikinka zai ɓatar da shi?

Katikis: Malam, a Katolika ba haka muke koyarwa ba. Alherin da mutum ya samu a baftisma yana iya zubar da shi ta zunubi mai kisa. Sharuɗɗansa uku ne, kuma sai sun haɗu duka: laifin ya zama babba, kamar kisa, zina ko shaidar zur, mai yin ya san babba ne, ya kuma yi shi da yardar ransa, ba tilas ba. In ɗaya ya fita, nauyin ya ragu. Ba mu muka ƙago rabon zunubi biyu ba, 1 Yohanna 5:16-17 ta ce akwai wanda ke kai ga mutuwa, akwai wanda ba ya kaiwa. Majalisar Tarent, babban taron bishofofin Katolika, a 1547 ta ƙara da cewa mutum na iya rasa alheri alhali bangaskiyarsa na nan: yana gaskata duk abin da ikilisiya ta koyar, amma a mace yake.

Mama Zumunta: Malam, a Afisawa ka tsaya a aya ta 9, ƙarasa ta 10 mana. An halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Kuma ayar tumakin, ta 27 ce ta faɗi ko su waye: masu jin muryarsa, masu binsa. Wanda ya daina ji, ya daina bi, da wane baki za ka ce masa alkawarin nasa ne?

Malamin ajin baftisma: Mama, irin wannan tun farko ba tunkiya ba ne. 1 Yohanna 2:19: sun fita daga cikinmu domin dā ma ba namu ba ne.

Mama Zumunta: To ka ga inda gizo ke saƙa. Idan sai mutum ya faɗi sannan za a ce dā ma ba namu ba ne, wane tabbaci ka ba wanda ke tsaye yau? Shi ma wancan ai yana da tabbaci ranar da ya shiga ruwa.

Ɗalibin tauhidi: Iyayena, a ba ni dama in sa tarihi kaɗan, don ana jingina wa mutanen dā abin da ba su faɗa ba. Almajiran Arminiyus, wani malamin tauhidi a ƙasar Holand, sun rubuta ƙorafinsu mai sassa biyar a 1610, shekara guda bayan rasuwarsa. A sashe na biyar ba su ma yanke cewa mai bi na iya ɓata ba, cewa suka yi sai an ƙara binciken Nassi. Daga baya ne suka tsaya a kan haka. Taron Dort, wato taron ikilisiyoyi masu bin koyarwar malamin tauhidi Kalbin da aka yi a birnin Dort na Holand, daga 1618 zuwa 1619, ya ba su amsa cewa Allah yana riƙe nasa har ƙarshe. Amma ku lura da yadda ya faɗe shi. Ya yarda mai bi na gaske na iya afkawa cikin mummunan zunubi, ya ba da misalin Dawuda da Bitrus. Ya ce irin wannan yana ɓata wa Ruhu Mai Tsarki rai, yana raunata lamirinsa, yana iya daina jin alherin Allah na wani lokaci. Abin da ya ƙi yarda da shi kawai shi ne Allah zai bar shi ya mutu a haka. Ya kuma lissafa hanyoyin da Allah ke riƙe mutum da su: jin Bishara da karanta ta, gargaɗi, tsoratarwa, alkawarai, da baftisma da Jibin Ubangiji. Saboda haka mai cewa "na ɗaga hannu a taron falkaswa, shi ke nan, in yi abin da na ga dama", ba Dort yake bi ba, ba Kalbin ba. Son zuciyarsa yake bi.

Fasto daga Numan: Ɗana, ka kyauta. Amma kada a ɗauka rigimar tsakanin Katolika da sauranmu ce kawai. Mu Lutaran, mu ne muka fi kowa nacewa a kan barata ta bangaskiya kaɗai, wato Allah ya karɓi mutum a matsayin mai adalci saboda bangaskiya kawai, duk da haka shaidar bangaskiyarmu ta 1530, a sashe na 12, ta ƙi koyarwar masu cewa wanda aka baratar ba zai iya rasa Ruhu Mai Tsarki ba. Bambancinmu da Katikis shi ne mene ne ke yanke mutum. Mu cewa muke bangaskiya da zunubin ganganci ba sa zama ɗaki ɗaya. Wanda ya nace da shi, bangaskiyar ce ke fita. Tabbaci kuma ba a cikin zuciyarka za ka neme shi ba, yau tana zafi gobe tana sanyi. Ka dubi alkawarin Almasihu da ke wajenka.

Dattijon ikilisiya: Duk kun kewaye Ibraniyawa 6:4-6. Mutanen da aka haskaka, suka ɗanɗana baiwar sama, suka sami rabo cikin Ruhu Mai Tsarki, sannan suka fanɗare. Malam, waɗannan ma ba tumaki ba ne?

Malamin ajin baftisma: Baba, ayar nan wuƙa ce mai kaifi biyu. In ka ce tana nufin mai ceto ya rasa cetonsa, dole ka karɓi ragowarta: ba shi yiwuwa a sake jawo su ga tuba. Ke nan duk wanda ya ja da baya sau ɗaya, ƙofa ta rufe. Akwai wanda ke koyar da haka a cikinmu?

Ɗalibin tauhidi: An taɓa yin mai kama da haka. A shekara ta 250 Sarkin Roma Desiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga gumaka, a ba shi takardar shaida. Masu bi da yawa suka faɗi, amma ba faɗuwa iri ɗaya ba: wasu sun yi hadayar, wasu turare suka ƙona, wasu kuwa kuɗi suka ba jami'ai aka rubuta musu takardar ba tare da sun yi komai ba. Da tsanani ya lafa suka dawo suna kuka. Nobatiyan, wani limamin ikilisiya a Roma, ya ce ikilisiya ba ta da ikon mai da su, a bar su da Allah. Sifiriyan, bishof na Kartaj a Arewacin Afirka, da taron bishofofi na 251 suka ce a duba kowa da laifinsa: masu sayen takarda a karɓe su bayan tuba, masu hadaya su daɗe cikin horo, a mai da su in mutuwa ta gabato. Ba a jima ba ma aka sassauta. Ikilisiya ta bi Sifiriyan, Nobatiyan ya ware da jama'arsa.

Katikis: Wannan ƙofar ita ce har yau muke kira ikirari. Mutum ya binciki lamirinsa, ya yi nadama da niyyar bari, ya faɗa wa Fada manyan zunubansa, irinsu da yawansu gwargwadon abin da ya tuna, Fada ya furta gafara, ya ba shi aikin tuba. In sata ce, a mayar da kaya. Inda ake kuskure: ɓoye babban zunubi da gangan yana lalata ikirarin gaba ɗaya, haka ma zuwa ba da niyyar rabuwa da laifin ba. Tun 1215 dokar ikilisiya ta ce a yi ikirari aƙalla sau ɗaya a shekara.

Dattijon ikilisiya: Mu namu tsarin Matiyu 18:15-17 ne. Ka same shi kai kaɗai. Bai ji ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu. Bai ji ba, a kai gaban ikilisiya. Sai bayan nan horo: a dakatar da shi daga Jibi da riƙe muƙami. Abin da ke lalacewa a wurinmu biyu ne. Ana tsallake matakin farko da na biyu, sai dai mutum ya ji sunansa a sanarwa. Sannan ana sa horo ba ranar ɗagewa, ba mai ziyara, yarinyar da cikinta ya fito tana bencin baya, wanda ya yi mata shi yana kaɗa ganga a gaba. Bulus a 2 Korantiyawa 2:6-8 ya ce horon ya isa, a yafe, a ta'azantar da shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Mama Zumunta: Baba, Allah ya ƙara girma, ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Malam, ga tambaya kai tsaye. Wanda ka yi wa aji, aka yi masa baftisma, yau shekaru ba ya zuwa sujada, ya kuma ce ba ruwansa. Me za ka gaya masa?

Malamin ajin baftisma: Zan ce ya tuba ya komo, in ba haka ba ba shi da wani dalilin ɗaukar kansa mai ceto. 2 Korantiyawa 13:5 ta ce kowa ya gwada kansa.

Fasto daga Numan: Abin da ni ma zan faɗa masa ke nan. Amma in ya tambaye ka ko baftismarsa ta fari ta ƙarya ce, ni zan ce a'a, alkawarin Allah yana nan, shi ne ya bar shi, ba kuwa zan sake sa shi a ruwa ba. Kai fa, Malam? Tunda a ganinka dā ma ba tunkiya ba ne, baftisma ta biyu za ka yi masa?