Lissafin nauyin allon saƙar zuma na alminiyum

Ɗalibi, Jos: Salamu alaikum malamai. Allona ramuka ne da shi masu bango shida-shida kamar saƙar zuma. Kaurin bangon milimita 0.05 ne, faɗin rami milimita 6.35. Yaya zan gane kason ƙarfe a cikinsa?

Injiniya, Abuja: Wa alaikumus salam. Bango biyu cikin shida ruɓi biyu ne, don nan ake mannawa. Ninka kauri sau 8, ka ninka faɗi sau 3, sai ka raba na farko da na biyu: kason ƙarfen 0.021 ke nan. Ninka da kilo 2700, nauyin kubik mita ɗaya na alminiyum, za ka samu kusan kilo 57 a kubik mita.

Malami, Jos: Ɗana, auna faɗin daga bango zuwa bangon da yake fuskanta. In ka bi kusurwa, amsar za ta ragu. Kuma lissafin bai sa gam ba, sikeli zai nuna fiye da haka.