Dan Allah me za mu kira filament da Hausa? Ƙarfe huɗu zan shiga studiyo

Hadiza: Salam 'yan uwa, a taimaka min da gaggawa. An ba ni rahoto in fassara na shirin yamma, kan masu haɗa bindiga a gida a Amurka da firintar nan ta 3D. Rahoton ya ɗauko labarin tun 2013 lokacin da wani ɗalibin lauya a Texas, Cody Wilson, ya fitar da ƙaramar bindigarsa mai suna Liberator, gwamnati ta sa ya sauke zanen daga intanet bayan 'yan kwanaki, har ya gangaro kan hukuncin kotun ƙoli na Maris 2025 da ya tabbatar da ƙa'idar 2022 ta cewa kayan haɗa bindiga da ake sayarwa sai an buga musu lamba. Duk wannan na gama. Inda na maƙale akwai wani sakin layi da marubucin ke cewa sabbin shiga harkar yawancin kukansu ba na bindigar ba ne, na filament ne da ya sha danshi sai an busar da shi. To me zan ce masa? Kuma print ɗin ma ya zan yi da shi

Baban Khalifa: Zaren roba. Kin gama, ki tafi ki ci abinci.

Maman Ilham: Ni dai kar ki kuskura ki ce sun buga bindiga a gida, wlh duk mai saurare zai ɗauka harbi aka yi a tsakar gida 😂

Hadiza: Kin gani ko, abin da na rubuta da farko kenan, sai da na karanta a fili na ji ashe na kashe mutane

Injiniya: Ina da irin na'urar a shago, maƙalin waya da ƙananan sifiya na roba nake yi da ita, bari in faɗa muku yadda abin yake sai ku masu Hausa ku zaɓa. Roba ce doguwa a naɗe a jikin faifai, kaurinta milimita 1.75, naɗi ɗaya yawanci kilo 1. Na'urar tana jan ta zuwa wani ɗan baki mai zafi, wajen digiri 200 in irin robar da ake kira PLA ce, ta narke ta fito siririya ana shimfiɗa ta hawa kan hawa har abin ya tashi. Matsalar robar tana zuƙar laima daga iska, nailan na cikin waɗanda suka fi wannan hali, to in ta shiga bakin nan da ruwa a jikinta sai ruwan ya zama tururi ka ji tana ƙara tas tas kamar ana soya gyaɗa, aikin ya fito da ƙuraje, ga wasu siraran zaruruwa tsakanin sassa. Da hunturu ni ko a jikina, amma daga Yuli zuwa Satumba sai na sa ta a ɗan akwatin ɗumama na wasu awanni, in kuma ajiye ta da irin ƙullin tsakuwar nan da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Malam Sani: Madalla da bayanin Injiniya, kuma shi ya nuna mana kalmar tana nan tun kaka da kakanni. Abawa. Zare ne mai kauri da mata ke kaɗawa da mazari, ba siririn zaren ɗinki ba. In kin ce zare kawai mai saurare zai hango zaren keke. Abin da aka naɗe ta a kai kuma kwarkwaro ne, kamar na masaƙa. Abawar roba a kwarkwaro. Ku duba ƙamus ɗin Bargery na 1934 in kuna musu.

Baban Khalifa: Malam da girmanka, yaro ɗan shekara ashirin a Kano ka ce masa abawa zai ɗauka sunan wata tsohuwa ne

Malam Sani: To laifin wa? In rediyo bai faɗa ba a ina zai ji? Haka kuka bar mana kalmomi suka mutu kuna firinta kuna kwamfuta alhali ga na'ura mai ƙwaƙwalwa

Baban Khalifa: Na'ura Larabci ce malam

Malam Sani: Aron da ya kwana ɗaruruwan shekaru a gida ba ɗaya yake da na jiya ba, ka sani na sani.

Ɗan Damagaram: Ku dai 'yan Najeriya komai sai ku yanke kamar ku kaɗai ke jin rediyon. Mu nan abawa ba baƙuwa ba ce, tsofaffinmu na faɗi. Kuma firinta ɗin da kuke ta kira mu ba haka muke cewa ba, namu daga Faransanci ya zo, in ana so kowa ya gane a ce na'ura kawai

Maman Ilham: Yauwa an fara. Saura 'yan Sakkwato su zo su ce tasu ta ainihi

Basakkwace: Muna nan muna kallonku, ba mu ce komai ba tukuna. Amma Hausar da ta ɓata a Kano in an zo nan a kan iske ta da ranta

Hadiza: Jama'a dan girman Allah ƙarfe biyu da rabi 😭 a bar maganar wa ya fi wa

Injiniya: Ni a shago taliya muke ce mata ni da yarana, kawo taliya baƙa, taliyar ta jiƙe. Amma ban ce ki faɗa a rediyo ba. Su zaruruwan nan kuma da na ce, mu yauƙi muke cewa, aikin ya yi yauƙi, don daidai yake da yadda miyar kuɓewa ke ja in ka ɗaga loma

Maman Ilham: Kai yauƙi ta yi wlh. Ni da zan ce yanar gizo sai na tuna an riga an ba intanet

Malam Sani: Yauƙi na karɓa, Hausa ce tsantsa kuma mai sana'a ne ya kawo ta. Kun ga ashe ana iyawa in an so. Shi kuma print, tunda hawa kan hawa ake ɗorawa, ai gini ne, kamar mai ginin tukunya ko zanzaro da ke ɗora laka kaɗan kaɗan. Ni da za a bi tawa sai a kira na'urar zanzaro baki ɗaya.

Baban Khalifa: An kama matashi da bindigar zanzaro 😂 malam mutane za su ce wadda ake sokewa a wando ce

Malam Sani: Ka yi dariyarka. Jirgin sama ma da aka fara faɗi an yi dariya.

Baban Khalifa: Kana wurin?

Hadiza: Ƙera nake tunani. Sun ƙera bindiga da na'ura

Basakkwace: Ƙira da wuta da maƙera da uwar maƙera ake yi, amma dai ana cewa ƙera mota, to ta wuce. Abin da zan ja hankalinki kar ki ce bindiga ƙirar gida ki yi shiru, don a nan in 'yan sanda suka ce ƙirar gida kowa adaka ko harba-ka-ruga yake hangowa, aikin maƙeri. Ki ƙara ta roba ko ki ce da na'ura

Hadiza: Wannan gaskiya ne na gode. Akwai ma ghost gun a ciki, na sa bindigar fatalwa

Maman Ilham: A'a Hadiza, fatalwa kuma? Sai ka ce aljanu ke harbawa. Abin da suke nufi ba ta da lambar da hukuma za ta bi sawunta, ki ce bindiga marar lamba, kamar yadda ake cewa mota marar lamba, kowa ya gane

Wani Bako: Injiniya to ita bindigar wace irin roba ake sa mata kuma a ina ake samun zanen

Injiniya: Malam ni maƙalin waya nake yi. Kuma nan kalma ake nema, ƙera bindiga ba izini laifi ne a dokar makamai ta Najeriya tun 1959, ka nemi wani wurin

Ɗan Damagaram: To saura busarwar. Shanya ko busarwa?

Malam Sani: Shanya a rana ake yi ko a iska, wannan kuwa a akwati ne da ɗumi, busarwa ta fi. Kuma danshi za ki ce ba jiƙewa ba, tunda ba ruwa aka zuba mata ba. Amma ina nan kan bakana, abawa.

Hadiza: To ga abin da zan karanta: suna ƙera bindigogi marasa lamba da na'urar 3D, wadda ke narkar da wani zaren roba mai kauri tana ɗora shi hawa hawa, kuma babbar matsalar sabbin shiga ita ce zaren kan sha danshi sai an busar da shi, in ba haka ba aikin ya yi yauƙi. Malam ka yi haƙuri, edita ya ce abawa sai an yi mata bayani kuma daƙiƙa casa'in kawai aka ba ni

Malam Sani: Zaren roba mai kauri kalma huɗu, abawa ɗaya, kuma wai lokaci ake tattali. Ba komai. Ki dai sa min ita ko sau ɗaya in za a maimaita shirin ranar Asabar.

Hadiza: Zan gwada in sha Allah, na shiga

Baban Khalifa: Malam ita 3D ɗin fa, ba ka ce komai ba

Malam Sani: Ina zuwa, bari in yi la'asar.